Muzz a hannun Bahaushe: tana haɗa mutane, amma ba ta jin jan aji

Manhajar Muzz tana cika alkawarinta na farko. Tana jero maka Musulmin da suka ce aure suke nema, ta buɗe maka hanyar magana da su ta rubutu da murya da bidiyo, ba tare da ka ba kowa lambar wayarka ba. A nan babu abin kushewa sosai. Matsalar tana farawa ne bayan an yi sallama an amsa. Neman aure a ƙasar Hausa rabinsa ba da baki ake yin sa ba. Akwai jan aji, akwai kawaici, akwai ƙi da ake naɗewa cikin addu'a, akwai yarda da ake ɓoyewa cikin sunkuyar da kai. A zancen ƙofar gida akwai masu fassara waɗannan abubuwa: ƙanwar da aka aika kira ta dawo tana murmushi ko ta dawo fuska a ɗaure, abokin rakiya da ke gefe yana lura, ƙawar da za ta ja saurayi gefe ta ce masa ya ƙara haƙuri ko kuwa ya nemi wata. Muzz ta kwashe waɗannan mutanen gaba ɗaya, ta bar mutum biyu da allon waya. Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa manhajar daga nan take fitowa, kuma ba ta tsayawa a kan masu neman juna, har abota take ci.

Sanin inda aka ƙera ta yana taimakawa wajen gane iyakarta. Shahzad Younas, ɗan Birtaniya da ya bar aikin banki a Morgan Stanley, shi ya fitar da ita a waya a 2015 da sunan Muzmatch. A 2022 wata kotu a Landan ta ba kamfanin Match Group, mai manhajar Tinder, gaskiya a ƙarar da ya shigar kan sunan, sai aka koma kiranta Muzz. Musulmin Ingila aka fara yi wa ita, kuma tambayoyinta ba su ɓoye hakan ba.

Rajista ba ta da wuya. Sai mutum ya kai shekara 18, ya ba da lambar waya a turo masa lambar tabbatarwa, ya ɗauki hoton fuskarsa nan take don a gwada da hotunan da ya ɗora, ya kuma bar wayar ta nuna inda yake. Daga nan sai tambayoyi: shekaru, tsayi, sana'a, karatu, ko ya taɓa aure, ko yana da 'ya'ya, yadda yake riƙe da salla, ko Sunni ne ko Shi'a, ko yana cin halal kaɗai, ko yana shan taba ko giya, da lokacin da yake son a yi auren. Ga mazaunin Manchista tambayar halal da giya tana raba mutane sosai. A Kano ko Damagaram kusan kowa amsa ɗaya zai bayar, don haka ba ta tace komai. Abubuwan da suke raba aure a nan kuwa babu gurbinsu. Babu inda za a rubuta ɗan Izala ne ko ɗan ɗariƙa, alhali gidaje da yawa a kan wannan suke mayar da kuɗin gaisuwa. Babu unguwa, babu ɗan gidan wa, babu ko amarya za ta zauna a gidan gandu tare da uwar miji ko za a ware mata nata. Mai hankali zai yi amfani da filin da aka bari na rubuta bayanin kai ya cike waɗannan giɓin. Layi huɗu ko biyar sun isa: garin da iyaye suke, aƙidar gida, ko da mata ko babu, inda za a zauna, da ko ana so mace ta ci gaba da aiki. Masu cika filin da "mai tsoron Allah nake nema" ba su faɗi komai ba, don babu wanda zai rubuta akasin haka.

Kuskure na farko, kuma mafi tsada, shi ne ɗaukar tantancewar manhajar a matsayin shaida. Hoton da ake ɗauka nan take abu ɗaya yake tabbatarwa: mai riƙe da wayar shi ne mai fuskar da ke shafin. Wannan ci gaba ne babba idan aka kwatanta da Facebook, inda namiji zai ɗauki hoton wata ya buɗe shafi ya yi shekara yana karɓar kati. Amma bai tabbatar da suna ba, bai tabbatar da sana'a ba, bai tabbatar da cewa wanda ya rubuta bai taɓa aure ba ba shi da mata biyu a gida. Haka wurin da waya ta nuna, inda wayar take ne a lokacin. Wanda ya zo Abuja kwana uku zai iya bayyana a matsayin mazaunin Abuja. Mutane suna ganin alamar tantancewa sai su saki jiki, su tsallake binciken da iyayensu ba za su taɓa tsallakewa ba, a yi ta yi wa rogo kallon kitse.

Tsarin ɓoye hoto yana cikin abubuwan da suka fi dacewa da al'adarmu. Mace za ta iya dusashe hotunanta, sai wanda ta ga dama za ta buɗe wa. Amfaninsa a fili yake ga wadda ba ta son ɗan'uwanta ko abokin aikinta ya ci karo da fuskarta. Sai dai yana haifar da lokaci mai haɗari guda ɗaya, wato lokacin buɗewa. Idan aka yi wata guda ana hira hoto a rufe, namiji ya riga ya zana fuskar da yake so a ransa. Ranar da aka buɗe, ko da mace kyakkyawa ce, ba ita ce wadda ya zana ba. Sai ya ja baya, amsoshinsa su gajarce, ita kuma ta san dalili sarai, ya zame mata tabo. Gyaran shi ne a buɗe da wuri, cikin kwana uku zuwa biyar na fara magana, kafin zuciya ta yi nisa. Idan za a rabu a nan, an rabu da arha. Kuma duk wata kariya da manhaja za ta sa don hana ɗaukar hoton allo, ba ta hana a ɗauko wata wayar a haska allon ba. Hoton da mace ba za ta so a gani a zauren WhatsApp na ajinsu ba, kada ta buɗe wa kowa shi.

Sai maganar alamar so. A manhajar, idan ka danna kana so, ita ma ta danna, an dace, hira ta buɗe. Ma'anar wannan a wurin waɗanda suka ƙera ta ƙarama ce: na ga shafinka, ba zan ƙi jin ta bakinka ba. Bahaushe da yawa yana karanta shi da ma'anar da ya sani a gida, inda budurwa ba ta fitowa zance sai da izini, kuma fitowarta sau biyu ko uku alama ce. Sai ya ɗauka an karɓe shi. Daga saƙo na uku ya fara "masoyiyata", ya fara tambayar dalilin da ya sa aka gan ta a kan layi ƙarfe goma sha ɗaya ba ta amsa masa ba. Ita kuwa a lokacin tana iya kasancewa tana magana da mutum biyar, kuma tsarin manhajar ke nan, ba yaudara ba ce. Kishin da ya zo kafin a ba mutum matsayi shi ne abin da ya fi saurin sa a toshe shi.

Kuskuren yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, kuma a nan ne jan aji yake cin amanar masu shi. A ɗauka ya rubuto bayan isha'i: "Salamu alaikum Malama, barka da dare. Na ga kin rubuta kina koyarwa, wane darasi kike ɗauka?" Ta gani nan take, ta ji daɗin tambayar, amma tarbiyya ta ce mace ba ta rawar jiki. Sai washegari da la'asar ta rubuta "wslm", ta tsaya. A soron gidansu wannan ba komai ba ne, don yana ganin ta sha ado, ta kawo ruwa a kofin baƙi, tana wasa da gefen mayafi, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. A allon waya babu ado, babu kofin baƙi, haruffa huɗu ne bayan awa ashirin. Yana karanta su da cewa ba a yi da shi, ya wuce ga ta gaba. Ita tana jira ya nace, kamar yadda mai so yake nacewa a gida. Shi yana ganin nacewa za ta zama takura. Kowa ya tafi yana zargin ɗan'uwansa da girman kai. Wadda take son ta riƙe ajinta a nan, a cikin kalmomi za ta riƙe shi: ta amsa tambayar da aka yi mata cikakkiya, ta mayar da tambaya ɗaya, ta ƙi kiran dare, ta ƙi sakin zance. Jinkirin amsa ba ya isar da saƙon da take nufi.

Akwai kuma harshen ƙi, wanda ya kamata duk mai shiga manhajar ya haddace. "Allah ya zaɓa mana mafi alheri", idan ya zo a matsayin amsar tambaya kai tsaye, galibi sallama ce. "Zan yi shawara" da ya wuce mako biyu babu waiwaye, an gama shawarar. "Kai yayana ne" kujera ce aka ba ka can nesa da batun aure. "Sai na gama karatu" yana iya zama gaskiya, kuma hanyar ganewa ita ce a tambayi shekara da wata; mai nufin gaskiya tana da amsa. Daga ɓangaren maza, "ina nan ina shiri" da ba ya tare da ranar turo magabata, shi ma haka. Wanda bai iya wannan harshen ba yakan ci gaba da turo gaisuwar safe wata uku, har a gaji a toshe shi, sannan ya shiga gari yana cewa an yaudare shi. Babu wanda ya yaudare shi, an gaya masa tun tuni cikin ladabi. Laifin manhajar a nan kaɗan ne amma akwai: maɓallin raba dacewa yana share mutum ba tare da kalma ba, kuma a wurinmu wannan ya fi "a'a" ciwo. Layi ɗaya kafin a danna, "Malam na gode da lokacinka, amma ban ga za mu daidaita ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa", yana kashe wutar da za ta iya bin mutum har unguwarsu.

Abin da Muzz ta fi tallatawa ga masu kishin addini shi ne damar sa waliyyi a cikin hira. Ana shigar da adireshin imel na wanda aka zaɓa, a riƙa tura masa kwafin abin da aka rubuta. Tunanin yana da kyau, kuma sanin cewa wani babba zai karanta yana gyara harshen samari nan take. A aikace yana cin tuntuɓe a wuri biyu. Na ɗaya, baffa ko kawun da ya cancanci wannan matsayin sau da yawa ba ya buɗe imel, kuma yarinyar da za ta iya tunkarar mahaifinta ta ce "Baba, ba ni imel ɗinka, na shiga manhajar neman miji" ba ta da yawa. Na biyu, abin da aka faɗa a kiran murya ko bayan an koma WhatsApp ba ya cikin rubutun da zai karanta, kuma mai mugun nufi abin da yake fara nema ke nan, a bar manhajar. Abin da ake yawan yi shi ne a sa ƙawa a gurbin waliyyi. Wannan kuskure ne mai kai biyu. A mazhabar Malikiyya da muke bi aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi, kuma ƙawa ba ta zama shi, don haka saurayin da aka gaya wa "waliyyina yana karantawa" an ba shi labarin da ba haka yake ba. Sannan an miƙa wa sa'a, wadda wataƙila ita ma mijin take nema, duk sirrin mutumin: aikinsa, abin da yake samu, abin da yake so a mace. Yayan da ya yi aure, ko yaya mace babba, ko ƙanwar uwa mai riƙe sirri, sun fi dacewa da kujerar mai sa ido a hirar, ba da sunan waliyyin aure ba, har zuwa lokacin da magana za ta isa gaban iyaye.

A kan abota ne manhajar ta fi yin ɓarnar da ba a lissafa ta. Tana nuna maka mutanen da ke kusa da kai, kuma garuruwanmu, duk girmansu, ƙanana ne ta fuskar sanayya. Wanda ya taƙaita nema a cikin Kano zai ci karo da 'yar ajinsu, da ƙanwar abokinsa, da tsohuwar matar maƙwabcinsa. Wanda ya faɗaɗa daga Katsina zai fara ganin mutanen Maraɗi, waɗanda yawancinsu da Faransanci suka cike shafinsu, amma dangi ne na wani da ya sani. Kowane irin wannan karo yana buƙatar hukunci, kuma a nan ake yawan zamewa.

Mafi muni shi ne mace ta ga mijin ƙawarta, ko wanda aka sa wa ƙawarta rana da shi. Hannu yakan riga tunani: a ɗauki hoton shafin, a tura wa wata ƙawar ana tambayar "wannan ba mijin wance ba ne?", kafin magariba ya zagaya zaure uku. Abubuwa huɗu ne mai turawar ba ta tsaya ta auna ba. Shafin yana iya zama tsoho, wanda aka buɗe kafin aure aka manta. Matar tana iya kasancewa ta san mijinta yana neman ƙari, ta zaɓi ta rufe bakinta, yanzu an tilasta mata ta yi magana a gaban jama'a. Tana iya zama ba ta sani ba, sai ta ji daga bakin mutum na biyar, ta gane cewa ƙawarta ta fara kai labarin waje kafin ta kawo mata. Na huɗu kuwa, miji da mata sukan shirya, kuma idan sun shirya mai kawo labarin ce take zama abokiyar gaba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Idan har kusancin ya kai a faɗa, baki da baki ake faɗa, su biyu, a tsaya a kan abin da ido ya gani: na ga shafi mai hotonsa ranar kaza, ban san ko tsoho ba ne. Kada a ƙara fassara, kada a tura hoto, kada a shiga yi masa magana da sunan gwaji don a samo hujja. Masu yin wannan gwajin su ne daga baya ake nuna saƙonninsu a ce su suka nemi mijin. Kuma duk wadda za ta ƙara gishiri ta jingina wa mutum alfasha, ta tuna cewa ƙazafi a shari'a bulala 80 ne, manhajar kuma ta neman aure ce, ganin mutum a cikinta ba hujjar komai ba ne.

Tsakanin maza rigimar takan zo da sunan nema cikin nema. Abokai biyu sun dace da yarinya ɗaya ba tare da sun sani ba, ɗaya ya ga hotonta a wayar ɗaya a majalisa, sai a fara maganar cin amana. Hadisin da ya hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa tabbatacce ne, amma Imamu Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa hanin yana kan lokacin da mace ta karkata ga mai neman har an daidaita a kan sadaki, ba daga lokacin da wani ya fara furta yana so ba. Dacewa a manhaja ba ta kai ko ƙofar wannan ba. Wanda ya yanke abota ta shekara goma a kan hirar mako guda ya yi hukunci da matsayin da ba a ba shi ba. Akasin haka ma yana faruwa: manhajar ba ta san an kai kuɗi ba, ba ta san an sa rana ba. Tambaya ɗaya a makon farko, "akwai wanda ya riga ya gabatar da kansa a gida?", tana kare mutum daga shiga gonar wani da rana tsaka. Ga bazawara kuma tambayar ita ce idda. Wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu, mijinta yana da damar mayar da ita muddin iddar ba ta cika ba, kuma bayyana mata neman aure a wannan lokacin haramun ne. Mai takaba wata huɗu da kwana goma ne, mai ciki sai ta haihu. Mata da yawa suna buɗe shafi cikin zafin rabuwa, a sati na biyu da saki, kuma babu gurbin da ke tambayar wannan.

Wani wurin da abota ke mutuwa shi ne aikin bincike. Saurayi a Kaduna ya dace da yarinya a Gusau, sai ya tura abokinsa da ke can ya duba masa gidan. Abokin tuzuru ne, sa'arsa, yana kusa, shi yana nesa. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Bincike aikin manya ne: mace babba daga dangi ta shiga gidan ta ga uwar yarinyar, namiji mai iyali ya tambayi limamin unguwa, da mai shagon bakin layi, da maƙwabta biyu da ba su haɗa dangi da gidan ba. Ita ma mace haka za a yi mata a kan mai neman, a je wurin aikin da ya faɗa a tabbatar ana saninsa da sunan da ya bayar.

Batun kuɗi yana buƙatar tsayawa, don al'ada ta sa shi ya rikice. A gida toshi da kyautar zance abu ne sananne, saurayi yana bayarwa ba a roƙa ba. A manhaja mutanen ba su taɓa haɗuwa ba, don haka "ka sa min data" a rana ta uku namiji ɗaya zai karanta shi da alamar sabo, wani ya karanta shi da kwaɗayi, kuma dukansu suna iya yin kuskure. Abin da ba shi da fassara biyu shi ne namiji ya nemi rance a wurin macen da bai je gidansu ba, ko da wane labari ya zo: kaya sun maƙale a hanya, asusu ya samu matsala, mahaifiya tana asibiti. Zawarawa masu albashi ko sana'a su aka fi hari da wannan. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo: idan an ba da lambar asusu, manhajar banki tana nuna sunan mai asusun kafin a tura. Sunan da bai yi daidai da na shafin ba, kuma aka ce na ƙani ne ko na yaron shago, ya isa dalilin tsayawa.

Tsarin da ya fi rage asara shi ne a sa wa hirar wa'adi. Makon farko rubutu, a yi tambayoyin da za su iya raba ku tun da wuri. A mako na biyu kiran bidiyo da rana, a cikin manhajar, da wani na gida a kusa. Kafin wata ya cika wani babba a kowane ɓangare ya san da maganar, kuma haɗuwar farko a gidan su yarinyar za a yi ta, ba a wurin cin abinci ko cikin mota ba. Wanda ya ƙi kiran bidiyo sau uku, ko ya ƙi a san shi a gida bayan wata biyu, ya ba da amsarsa. Gwajin jini kuma a yi maganarsa kafin so ya kama, don shi ne abin da ya fi raba waɗanda suka riga suka shaƙu. Mutane suna rikita rukunin jini, wato A da B da AB da O, da gwajin sikila, wato AA da AS da SS. Na biyun ake nufi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne kawai zai samu ba. A jihar Kano tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure, wanda ya haɗa da wannan, da ciwon hanta nau'in B da C, da cutar ƙanjamau. Muzz ba ta tantance ko ɗaya, kuma "ni AA ne" da aka rubuta a hira ba takardar asibiti ba ce. A je tare, asibitin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi.

Dacewa da hira da kira duk kyauta ne, kuma ga mafi yawan mutane sun wadatar. Tsarin biyan kuɗi da suke kira Gold yana ƙara hanyoyin tace waɗanda za a nuna wa mutum, yana cire iyakar yawan dannawa, yana ba da damar tura wa mutum saƙo tun kafin ya nuna yana so. Wannan na ƙarshen yana da amfani ga wanda ya iya rubuta saƙon farko mai ma'ana, wanda ya nuna ya karanta shafin. Ga mai "slm ykk" asarar kuɗi ce, kuma saƙon da ya shigo ba a gayyace shi ba ana auna shi da ma'auni mai tsanani. Cire iyakar dannawa kuwa yana lalata hukunci: wanda ya duba fuska ɗari biyu a dare ɗaya ba zaɓe yake yi ba, kuma washegari ba zai tuna wa ya gaya wa me ba, har ya kira wata da sunan wata. Kuɗin yana sabunta kansa ta Google Play ko App Store, kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirewa. Sai an shiga sashen biyan kuɗi na shagon an soke da hannu.

Haka shi ma shafin. Cire manhajar daga waya ba ya rufe asusu, hotuna da bayanai suna nan inda aka bar su. Wanda aka sa wa rana, mace ko namiji, ya shiga saituna ya goge asusun gaba ɗaya, kuma ya fi kyau su yi shi tare a zama ɗaya, kowa ya ga na ɗan'uwansa ya tafi. Kafin a goge, a bi waɗanda ake tsakiyar magana da su a sallame su da layi ɗaya, cewa an tsayar da magana a wani wuri, don kada su ji labarin ɗaurin auren a bakin wani ko su ga katin gayyata a shafin abokinsu. Shafin da aka manta shi ne wanda ƙawar amarya take cin karo da shi wata shida bayan biki, da hoton ango sanye da hular da ya sa ranar kamu, a ƙasa an rubuta bai taɓa aure ba.